An Yanka Rago Babu Issouf

Ramata tana gidan iyayenta wankan jego, jaririya a cinya, hankali a kan tarho. Mijinta Issouf direban kamyo ne, babbar motar kaya, ya tafi Dirkou can cikin hamada da alkawarin zai dawo kafin suna. Aka yanka rago, aka raɗa wa yarinya Hafsa, taro ya watse, ko ƙeyarsa ba a gani ba.

Yayanta Mourtala ya rantse wulaƙanci ne, kuma ba za ta koma ɗakin mutumin da ya kunyata su gaban dangi ba. Inna ta goya masa baya. Ramata ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta kira, babu rezo, layi ya ƙi shiga. Ta leƙa ƙofa, ta dawo ta sake kira. Kunun kanwa ya huce a kwano, nono ya ja baya, Hafsa sai tsala kuka.

Kaka Hajara ta fizge tarhon ta ƙulle a bakin zane.

"Latsa wannan abu ne zai fiddo miki shi daga hamadar Tenere? Ina da tsohon ciki kakanki ya bi raƙuma ɗaukar gishiri Bilma. Kafin ya dawo uwarki ta fara zama, kuma ga ni ban mutu ba."

"Kaka, in wani abu ya same shi fa? In gudu na ya yi?"

"Ko wanne ne za mu ji. Yau dai ba ki ji ba. Sha kunu, ba ɗiya nono."

Da hawaye ta sha. Washegari ma haka. Sannu a hankali nono ya dawo, barci ya dawo, ta koma yi masa addu'a in ta idar da salla, ta bar sauran ga Allah.

Wata rana da hantsi sai ga Issouf, leɓe duk ya tsage, wani dattijo na biye da shi. Dattijon ya faɗa wa Mourtala yadda Issouf ya tarar da su motarsu ta mutu tsakiyar rairayi, da mata da yara, ruwa ya ƙare. Ya sauke masu jarkar ruwansa, ya ɗaura igiya ya jawo su a hankali. Ɗan hanya, in ji dattijon, ba ya wuce irin wannan, ko da sunan ɗiyarsa ne.

Mourtala ya sunkuyar da kai. Issouf ya karɓi Hafsa, ya kasa haɗa ido da Ramata sai da ta miƙa masa ruwa.

Abin da ba ya hannunka, damuwa ba ta kawo shi. Na hannunka kawai take lalatawa.

Kaka ta kwance bakin zane.

"Ungo abinki. Batirinsa ya mutu, ke ga ki da ranki."