Jan Turke a Kan Kabarin Baba

Ranar da Ndaziona ta fara ganin Fatsani, ruwan wankin kasko ta watsa masa.

Tana zaune ne a bakin babban titin da ya shiga Lilongwe, babban birnin Malawi, inda take suyar fanke. Wata takwas ke nan ana aikin faɗaɗa titin. An gama gada ɗaya, ta biyu kuma ƙafafunta sun miƙe a cikin rafi. Ita dai aikin bai taɓa damun ta ba, don leburori suna yi mata ciniki. Sai ranar nan ta ga masu awon titi sun tsallake kwalbati sun nufi itatuwan maƙabarta. Wani dogon saurayi yana biye da su da keken haya, irin wanda ake kira kabaza, ya ɗaure turaku masu jan fenti a kujerar fasinja.

Turke na uku a kan kabarin mahaifinta aka kafa shi.

Ba ta san lokacin da ta isa wurin da roba a hannu ba.

"Kai mai keke! Wa ya aiko ka nan?"

"Yi haƙuri 'yar'uwa, hanyar kekuna ce za ta bi ta nan. Mu 'yan kabaza muka roƙa, ni ne shugabansu, sunana Fatsa..."

Bai ƙarasa ba ta sheƙa masa ruwan. Ya tsaya yana ɗiga, ya share fuska da hularsa, ya daɗe yana kallon ta.

"Ruwan naki ma ƙanshin fanke yake," in ji shi.

Washegari ya zo sayen fanke. Ta zaɓo masa ƙonannu. Jibi ma ya dawo, ta sake zaɓo masa ƙonannu. Lambar wayarta tana rubuce a jikin bokitin fanken, ashe ya kwafe. Da azahar saƙo ya shigo:

"Barka da rana Damisa. Na yau ya fi na jiya ƙonewa. Na cinye tas. Fatsani."

Ta mayar masa: "Gobe da barkono zan cuɗa maka. Ka goge lambata, ɗan kabaza."

"Lambar tana kaina, kai kuwa ba ya goguwa. Sai goben."

A mako na uku ya jingine kekensa ya zauna a kan dutse, bai yi wasa ba. Ya nuna mata kwanar da ke gaban gada. Ya ce nan tirela ta bi ta kan yayansa Limbani da fasinjar da ya ɗauko, wata mata mai goyo. Cikin shekara biyu 'yan kabaza bakwai suka mutu a kwanar.

"To don naku sun mutu sai a tashi namu?" ta ce.

"Ban san da kabari a wurin ba sai ranar da muka zo da turaku."

Ta juya ga kaskonta. Da zai tafi ta naɗe masa fanke a takarda. Sai da ya yi nisa ya buɗe, ya ga babu ƙonanne ko ɗaya.

Daga nan hira ta fara tsawo, kafin wata biyu zance ya kai kunnen mahaifiyarta, Nankhoma. Da yamma ta tare ta a tsakar gida, ga Kawu Zakeyu zaune a kan kujera. Shi yayan uwarta ne, kuma maganar aurenta a hannunsa take. A al'adarsu miji ne ke tarewa a gidan iyayen matarsa.

"Wai da gaske ne kina wa mai turakun nan dariya a bakin titi?"

"Mama, ba shi ya zana hanyar ba."

"Rufe min baki! Ni ban ce ki auri kowa ba. Amma wannan ya zo ya gina ɗaki a gidana, in riƙa tuƙa masa tuwo, bayan ya tashi mijina daga inda ya kwanta? Sai dai bayan raina."

Kawu Zakeyu ya tofar da yawu. "Kawunsa ya kuskura ya zo nan neman aure, da sanda zan raka shi."

Akwai kuma Yamikani, direban katafilar kamfanin, wanda ya daɗe yana zagaya Ndaziona. Shi kam gidan a buɗe yake gare shi, domin ya gaya wa Nankhoma cewa kwano ɗaya suke ci da injiniya, kalma ɗaya zai faɗa a karkatar da hanyar. Wata rana ya tsaya a gaban kaskonta yana kaɗa makulli.

"'Yan mata, saurayinki fa na gan shi jiya a ofis da takarda, duk 'yan kabaza sun dangwala hannu. Wai a hanzarta kwashe kaburburan, sun gaji da jira."

Fanken da ke cikin mai ya ƙone ba ta sani ba. Ta ɗauki waya: "Ashe macuci ne kai. Kada ka ƙara tsayawa a gabana."

Amsa ta zo nan take: "Damisata, na kai takarda, gaskiya ne. Roƙo muka yi a ƙuntata hanyar a wajen kabarin Baba, mun yarda mu riƙa sauka muna tura keke. Sun ƙi, sun ce ƙafar gada ta tare ɗaya gefen. Na ji kunyar gaya miki na kasa."

Ba ta yarda ba. Ta toshe lambarsa. In ya wuce sai ta juya masa baya, ta yi ta goge ido tana cewa hayaƙi ne.

Hanya dai ba ta karkata ba. Aka sa ranar Asabar don mayar da kaburbura uku can cikin itatuwa. Dangin mamaci ba sa haƙa da kansu, mazan wasu gidaje ne ke yi musu, da fartanya. Amma yawancin samarin garin suna aikin titi, ranar kuma ba a sallame su ba. Tsofaffi huɗu kawai suka zo, ga ƙasa ta bushe kamar dutse.

Ana cikin haka sai ƙasa ta fara girgiza. Katafila ce ta taho tana karya ƙananan itatuwa, Yamikani a sama yana murmushi, shugaban leburori yana biye da shi a ƙasa.

"Mama, ku matsa!" ya ɗaga murya. "Ni na roƙo muku ita. Minti goma na gama muku komai."

Nankhoma ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. "Da wannan ƙarfen za ka kwaso min miji? Shara ce shi?"

"Haba Mama, taimako ne fa. Kafin tsofaffin nan su gama ai sai Litinin."

Shugaban leburori ya duba agogo ya ce shi ma ba shi da lokaci, a bar inji ya yi. Bakin katafila ya fara sauka. Ndaziona ta ruga ta tsaya a kan kabarin.

Sai ga ƙararrawar kekuna ta cika wurin. 'Yan kabaza ne sun fi talatin, kowa da fartanya ko shebur ɗaure a kujera. Suka kwantar da kekunansu a jere a gaban katafilar. Fatsani ya ajiye nasa a ƙarƙashin bakin ƙarfen.

"Bismillah, direba. Fara da wannan, shi ne abincina."

"Kai kuma!" in ji shugaban leburori. "Ba kai ne ka ishe mu da takardar a ƙuntata hanya ba? An ce maka ba zai yiwu ba."

"Na ji. Hanya ta bi. Amma da hannu za a ɗaga su."

Ndaziona ta waiga ta dubi Yamikani. Ya kau da kai, ya ja katafilarsa da baya, mata suna yi masa ature.

Fatsani ya tuɓe takalmi kafin ya taka gefen kabarin. Tun hantsi suke haƙa har rana ta karkata. Da suka kusa, ya ajiye fartanya ya ci gaba da yatsunsa, a hankali, har aka tattara komai a farin ƙyalle aka sa a sabon akwati. Tafin hannunsa duk ya fashe. Kawu Zakeyu yana tsaye a kansa tun farko, yana jiran ya ga kuskure. Bai gani ba.

Masu haƙa ba sa barin maƙabarta sai sun ci abincin gidan mamaci. Nankhoma da kanta ta ɗauko tuwon masara da kaza, ta dire a gabansa har miya ta fantsama.

"Ci. Ba don ina ƙaunarka ba ne."

"Na gode, Mama."

"Wa ya ce ka cire takalmi?"

"Ba zan shiga wurin baban Ndaziona da takalmi ba."

Ta harare shi, ta juya da sauri tana jan zani zuwa fuskarta. Kawu Zakeyu ya yi gyaran murya.

"Kai yaro, wannan kawun naka, a wane gari yake?"

Da yamma Ndaziona ta buɗe lambarsa: "Ka sa man kaɗanya a hannun. Ka yafe min, Dogona."

"Na yafe tun kafin ki roƙa, hasken idona. Amma da hanci nake rubuta wannan."

Bayan damina aka buɗe gada ta biyu da hanyar kekuna, a watan kuma aka yi baikonsu. Bisa al'ada kawun Fatsani ya miƙa zakara, Kawu Zakeyu ya miƙa kaza. Sannan aka fito da 'yan mata biyar a lulluɓe da zani iri ɗaya tun daga kai har ƙasa, aka ce ango ya nemo tasa. Ya bi ta gaban ta farko, ta biyu, yana zufa, 'yan kabaza suna yi masa tsiya. Da ya zo gaban ta huɗu sai aka take masa ƙafa da ƙarfi.

"Wayyo! Wannan ce!"

Wuri ya kaure da guɗa. Mako biyu bayan haka aka ɗaura aure a coci. Da suka durƙusa a gaban Nankhoma, ta dubi Fatsani.

"Har yanzu in na ga hanyar nan raina yana ɓaci," ta ce. "Amma mijina ya kwanta da mutuncinsa, kuma hannunka ne ya kwantar da shi. Na share maka fili a bayan ɗakina, ka zo ka yi gininka."

Ta ɗora hannu ɗaya a kansa, ɗaya a kan 'yarta.

"Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu albarka. Kai kuma kullum ka fita, ya dawo mata da kai gida."

Jama'a suka amsa da amin.