Ɗigon Alli a Kan Baƙin Babur

Ƙarfe ɗaya da rabi na ranar Laraba dillalin babura ya faɗo caji ofis, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf.

"Yallaɓai, an kashe ni! An ɗauke baƙin!"

Insfekta ya ɗago kai daga fayil ɗin da ke gabansa. Mutum ne da ba a taɓa ganin ya yi gudu ba, shi ya sa 'yan ofis ke kiransa Sannu-Sannu, amma fa sai ya ba da baya.

"Zauna tukuna. Baƙin me aka ɗauke?"

Babur ne. Irin manyan nan na doguwar tafiya, masu faffaɗan sirdi da ake zama a kai kamar kujerar falo. Guda biyu dillalin ke da su, duk na hannu, baƙi da ja. Kullum da safe akan fito da su ƙofar shago don masu wucewa su gani. Yau ya tafi ɗauko 'ya'yansa daga makaranta, bakanikensa ya tafi cin abinci, ko da ya dawo sai jan kaɗai ya tarar.

A ƙofar shagon Insfekta ya tsaya yana kallon gurbin da babur ɗin ya bari. Ba a fasa komai ba, ba a ja taya a ƙasa ba. Mai gyaran waya da ke tsallaken titi ya ga komai.

"Wani ne da hular kwano, Yallaɓai. Ya zo a ƙasa, ya hau, ya murɗa makulli ya tafi abinsa. Ko waiwaye bai yi ba. Wallahi na ɗauka saya ya yi."

"Ka ji ko!" in ji dillalin. "Makulli biyu ne. Ga nawa a aljihu. Ɗayan yana hannun bakanike. Shi ya ba wani, ba wata-wata!"

"Shekara nawa yake maka aiki?"

"Sha tara. To sai me? Zuciya ba ta da shekaru."

Insfekta ya nemi hoton babur ɗin. Dillalin ya miƙa masa waya, ya ce makon jiya ya ɗauka don talla. Insfekta ya buɗa hoton da yatsu biyu. A jikin murfin tayar baya akwai fararen ɗigo guda uku.

"Wannan fa?"

"Kashin tsuntsu ne."

"Tsuntsun da ke kashi a jere, tazara ɗaya?"

Dillalin bai ga abin dariya ba. Kafin Insfekta ya koma ofis dillalin ya riga ya buga waya sama, an je an ɗauko bakanike an saka shi bayan kanta. Shugaban ofis ya yanke maganar a tsaye: gobe ƙarfe uku motar kotu za ta tashi, kuma da bakanike za ta tashi.

"Ranka ya daɗe, makullinsa na aljihunsa lokacin da aka kama shi."

"An dawo masa da shi ne. Kawo mini ɓarawon da babur ɗin kafin uku, in ba haka ba ka rubuta takardar ƙara."

Da safiyar Alhamis Insfekta ya tarar da matar bakanike a kan bencin ƙofa, da kwanon abinci da ledar magani a cinya. Ba ta yi kuka ba. Ta dai miƙe ta durƙusa.

"Yallaɓai, ciwon suga gare shi. In aka kai shi gidan yari ba zai fito da ƙafarsa ba."

Insfekta bai yi mata alkawari ba, don ya tsani alkawarin ɗan sanda. Ya karɓi ledar maganin ya shiga ciki.

Bakaniken dattijo ne siriri, baƙin mai ya zauna masa a farce. Ba kamun ne ya fi ci masa rai ba, maganar maigidansa ce. Insfekta ya nuna masa hoton.

"Alli ne," in ji shi nan take. "Ni na goge shi da hannuna, Larabar makon jiya."

"Kai ka ɗiga?"

"Me zan yi da alli? Wannan aikin baduku ne. Nan ne daidai inda ake ɗaura ƙarfen da ke riƙe jakunkunan gefe. Sai an auna babur ake yanka fata."

"Wa ya fita da babur ɗin ranar?"

Akwai wani tsohon malamin asibiti, in ji bakaniken, mako uku yana zarya a shagon, ya kasa zaɓa tsakanin baƙin da jan. Kullum da surukinsa yake zuwa, mijin 'yarsa. Ranar surukin ne ya fita gwaji da baƙin.

"Ya daɗe?"

"Na kwance taya na ɗaura wata, na sha shayi, bai dawo ba. Da ya dawo injin ya yi zafi rau. Yallaɓai, wani abu kuma. Salansar baƙin nan duk biyun a dama suke, kuma ni na ɗaga su sama da hannuna saboda ramukan hanya. Duk garin nan babu mai irin zamansu. Jakar kanti ba ta hawa kansa, ƙonewa za ta yi."

Ƙarfe tara Insfekta da Saje, mataimakinsa, suka yi sallama a gidan malamin asibitin. Falon cike yake da takardun tallan babura da hotunan jakunkuna da akwatunan baya. Tsohon ya tarbe su yana dogara sanda. Insfekta ya kalli sandar, ya kalli gwiwoyinsa. Surukin ma yana nan, ya kawo jikoki zai wuce aiki. Ɗan gayu ne, takalminsa har ɗaukar ido yake.

"Ni dai na rasa yadda zan yi," in ji tsohon. "Jan ya fi sauƙin gyara, kayansa na ko'ina. Baƙin kuma sirdinsa ƙasa-ƙasa, ga ƙarar injin kamar ta ƙosasshen zaki. Amma ɗan nan kullum kushe shi yake."

"Baba, gaskiya nake faɗa maka. Gawa ce aka yi wa fenti."

"Kai ka fita gwaji da shi?" Insfekta ya tambaya.

"Eh. Na zaga layin na dawo, ko minti biyar ban yi ba."

"Ka tsaya wani wuri?"

"Ko kaɗan. Abin da ko jaka ba ta zama a kansa? Sai fa an rage ta dama da yatsa huɗu, a kuma yi mata shafin ƙasa. Wahala ce kawai."

Insfekta ya gyaɗa kai a hankali. Yatsa huɗu. Mutumin da ya yi minti biyar a kan babur ɗin da ya tsana.

"To, ba komai," ya ce yana rufe littafinsa. "Cike takarda kawai muka zo yi. Ɓarawon yana hannu, bakaniken shagon ne. Ƙarfe uku za a kai shi kotu."

Maganar ta yi wa Insfekta ɗaci a baki, amma ya ga kafaɗun surukin sun sauka. Ɗan gayun ya yi musu fatan alheri, ya fice yana fito.

Insfekta ya juya wajen tsohon. "Baba, ka san inda ake ɗinka jakunkunan babur a garin nan?"

"Ni kuwa na sani! Babu wanda ban leƙa ba. Uku ne. Bari in ɗauko hulata."

Baduku na farko da tef yake awo, bai san alli ba. Na biyu ya rufe shago ya tafi ta'aziyya, sai da suka ɓata awa guda kafin maƙwabcinsa ya gaya musu. Ga cunkoso a kan gada. Ƙarfe ɗaya ta gota lokacin da suka isa wurin na uku, a wani lungu bayan masu walda.

Shagon ƙarami ne, warin fata da gam ya cika shi. A bango an rataye yankakkun kwalaye bibbiyu, kowanne da zanen alli. Badukun bai ko miƙe ba. Insfekta ya nuna masa hoton.

"Ɗigona ne. Ni ba na yanka fata sai na ga babur da idona, na ɗora kwali a jikinsa." Ya miƙa hannu ya ciro wasu biyu. Na dama ya fi na hagu gajarta ƙwarai. "Yatsa huɗu na rage. Salansarsa ta hau sama."

"Wa ya kawo shi?"

"Wani ɗan ƙwalisa, Larabar makon jiya. Ya ce ya saya, takardu kawai ake jira. Jiya da yamma ya zo a ƙasa wai in ba shi jakunkunan. Na ce a'a. Ba na ba da jaka a hannu. Ni na ɗinka, ni zan ɗaura, don kada gobe ta ƙone a ce aikina ne. Ya yi ta magiya, na ce ko ubana ne sai ya kawo babur. Ya ce yau ƙarfe biyu."

Tsohon malamin asibitin ya nemi wuri ya zauna. Maganar yatsa huɗu ya riga ya ji ta a falonsa.

Saje ya ɓoye motar a wurin masu walda. Insfekta ya ja kujera bayan fatun da aka rataye, ya zaunar da tsohon kusa da shi. Ƙarfe biyu ta yi. Biyu da kwata. Badukun na ta sara fata kamar ba abin da ya dame shi. Biyu da rabi Insfekta ya kira ofis, aka ce masa an fito da bakanike, an sa masa ankwa. Ya roƙi minti goma, aka ce Oga ya ce uku uku ce. Idan mutumin nan ya tsorata ya fasa zuwa, kwali biyu ne kaɗai a hannunsa, kuma kwali ba ya tsayar da motar kotu.

Uku saura minti goma sha biyu suka ji ƙarar daga nesa, mai kauri, tana girgiza kwanon shago.

Babur ɗin ya shigo lungun a hankali. An manna masa shuɗiyar leda a tanki, an canza lamba. Mahayin ya cire hular kwano.

"Malam, yi sauri don Allah, aiki nake."

Badukun ya fito da jakunkunan, ya durƙusa ya ɗora ta hagu, ya ɗora ta dama. Ta zauna ɗas, da 'yar tazara tsakaninta da salansa.

"Aiki ya yi kyau," in ji Insfekta yana fitowa. "Gawar ta samu kaya."

Surukin ya kai hannu ga makulli, amma Saje ya riga shi zarewa. Sabon yanka ne, ko mariƙi ba shi da shi. Insfekta ya danna waya, ya karanto lambar injin da ƙarfi, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ga babur ga ɓarawo. A sauko da mutumin nan daga mota." Sai da ya ji an ce an sauko da shi sannan ya saki numfashi.

"Ranar gwaji ka yanka makulli?"

Surukin ya sunkuyar da kai. "Eh. Daga wurin mai makulli na biyo nan."

"Kushen da kake yi fa?"

"Don kada Baba ya saye shi kafin in shirya. Yallaɓai, tun ranar da na fara ganinsa ban ƙara barcin kirki ba. Na san ba zan taɓa iya mallakar irinsa ba."

"Ka ji da kunnenka za a ɗaure mutum a kansa, ka fita kana fito."

Sai ga ƙarar sanda daga bayan fatu. Da surukin ya ga wanda ya fito, ya ja da baya.

"Baba..."

"Dubi gwiwoyina," in ji tsohon. "Ni da ko matakala sai an riƙe ni, babur zan hau? Kai nake zaɓa wa. Shekara shida kana riƙe da 'yata ban taɓa jin kanku ba, na ce bari in yi maka abin da ranka ke so. Na ga yadda kake kallon baƙin, amma bakinka na cewa ja. Shi ya sa na kasa yanke shawara. Da sau ɗaya ka ce mini yana da kyau, da tuni yana ƙofar gidanka."

Surukin ya sake sunkuyar da kai. Saje ya sa masa ankwa ya ja shi zuwa mota. Bai ƙara ɗago kai ba.

Da suka isa ofis bakaniken na zaune a bencin ƙofa yana cin abincin da ya huce, matarsa na riƙe masa da ruwa. Dillalin na tsaye a kansa yana murza hannu, yana cewa gobe sai ya zo da wuri, akwai aiki a shago.

Bakaniken ya laluba aljihu, ya ciro makullin baƙin babur da aka maido masa a kanta, ya ajiye shi a kan benci. Ya ce wa matarsa, "Tashi mu tafi gida."