Juma'ar da Ango Yake Kuwait

Mastura na bakin ƙofar majalisi, wato falon baƙi, da tiren shayi ta ji Rafi'u yana gaya wa kakarta cewa ya bar wasan tanis.

Saura ƙiris tiren ya suɓuce mata.

Ta shiga ta ajiye, sannan ta ƙare masa kallo. Wata biyu rabonta da shi. Ya rame, idanunsa sun faɗa, kafaɗarsa ta dama kuma ta yi tudu a cikin jallabiya saboda bandeji.

"Me na ji ka ce?"

"Halas, shi ke nan, habibti," ya ce a hankali. "Na gaji..."

Haifaffen unguwar Hindawiyya ne a Jidda, kamar ita. Mahaifinsa ya shekara ashirin yana sharar filin tanis a wata unguwar ma'aikatan kamfani a arewacin Jidda, a can Rafi'u ya koyi wasan da wani raket da aka yar. Yanzu, a ƙarshen 2006, yana cikin 'yan wasan da ake ji da su a ƙasashen Larabawa. Tun Janairu gasa ashirin da bakwai ya buga, yau Indiya, jibi Maroko. Saura uku kakar wasan ta ƙare: Kuwait, Alƙahira da Tunis, mako na bin mako. In bai tara maki a cikinsu ba sunansa zai gangara, baɗi kuma ba za a karɓe shi a manyan gasanni ba.

Wannan yawon ne ya sa sau biyu ana ɗaga ranar milka, wato ɗaurin aurensu. A karo na uku mahaifinta, Alhaji Abdulghani, ya sa ranar Juma'a ta ƙarshen Nuwamba, ya ce in ango bai zauna a gabansa ba ranar, magana ta mutu. Ana haka sai ga Luba, 'yar ƙanwarsa, wadda ta daɗe tana yi wa yayanta Salihu sha'awar Mastura. Ta bugo sunayen waɗanda suka shiga gasannin uku daga intanet ta kawo wa Alhaji, ga sunan Rafi'u a kowace. Ba ta faɗa masa cewa tun wata huɗu baya kocinsa ya rubuta shi ba. Kwana uku Alhaji bai amsa gaisuwar Mastura da kyau ba.

Rafi'u ya riƙe kofin shayin bai kai baki ba. Ya ce yanzu in ya tsaya a fili bai damu ba ko ƙwallo ta faɗa ciki ko waje. Ya ce makon jiya wani sabon shiga ya cire shi a zagayen farko, maimakon baƙin ciki sai ya ji sanyi a ransa don zai samu ya kwanta. Zai zauna a Jidda ya riƙa koyarwa, ya aure ta, kowa ya huta.

Shekara uku tana jiran wannan magana. Amma da ta zo, sai ta ji ba ta yi mata daɗi ba.

"Rafi'u, ka gaya mini gaskiya. Raket ɗin ka tsana, ko jirgin sama?"

Ya ajiye kofin a kan dardumar.

"Jirgin..."

Ta tashi ta ɗauko takardar Luba da biro. Ta ja layi a kan Alƙahira. Ta ja a kan Tunis. Ta tura masa Kuwait kaɗai.

Ya ce ai wasan ƙarshe na Kuwait ranar Juma'a ne, ranar milkarsu.

"Kai dai ka kai can tukuna," ta ce. "Ba na so nan da shekara biyar ka dube ni, rabin raina, ka ga wadda ta karɓe maka raket."

Ya tafi ranar Asabar.

Ya ci wasan Litinin da ƙyar. Ya ci na Talata. Kullum in ya fito fili sai ya kira ta, ita kuwa ba sakamakon take saurare ba, muryarsa take saurare. Ranar Laraba har dariya ya yi yana ba ta labarin wata ƙwallo da ya ɗaga ta tsallake kan abokin karawarsa. Rabon da ta ji wannan dariyar tun kafin azumi.

Ranar Alhamis gida ya cika da mata, ana suyar sambusa ana kwaɓa lalle. A ranar Rafi'u zai buga na kusa da ƙarshe. Luba ta matso tana murmushi, ta raɗa mata cewa in ita ce, faɗuwa za ta roƙa masa, in ba haka ba gobe a ɗaura da wani.

Mastura ta tashi ta bar wurin. Ta shige ɗaki ta yi azahar, ta daɗe da hannu a sama, tana roƙon Allah ya sassauta masa ciwon kafaɗa, ya ba shi nasara. Da ta shafa ta juyo, sai ga mahaifinta tsaye a ƙofa.

"Kin san abin da nasararsa take nufi, ya binti?"

"Na sani, Baba."

"To?"

Hawaye suka zubo mata.

"Ba zan iya roƙa wa mutum faɗuwa yau ba, gobe kuma in shiga gidansa..."

Alhaji ya juya ya fita. A falo tsohuwarsa ta tare shi, ta tuna masa cewa ita kanta ubansa na hanyar Sudan a ƙafa aka ɗaura musu aure a Kano, kuma ga shi nan, ba abin da ya ragu a jikinsa.

Bayan la'asar waya ta yi ƙara. Rafi'u ne, yana haki. Ya ci. Ya ce amma zai janye daga wasan gobe, akwai jirgin da zai taso da yamma.

Kafin ta buɗe baki Alhaji ya miƙo hannu ya karɓi wayar. Ya fara da faɗa, ya jera masa ranakun da aka ɗaga da kunyar da ya sha a gaban mutane. Sannan ya tambaye shi ko mahaifinsa na riƙe da takardar wakalcinsa. Rafi'u ya ce tana wurinsa tun bara, saboda yawan tafiya.

"To zauna ka ƙarasa aikinka," in ji Alhaji. "Ba don kai na yi ba. Yalla, je ka huta."

Washegari mahaifin Rafi'u ya zo cikin farar jallabiyar da ta sha guga, ya karɓa wa ɗansa aure. Luba ta ce kanta na ciwo, ba ta fito ba. A daidai lokacin, can Kuwait, Rafi'u ya yi awa uku a fili, aka doke shi da ƙyar.

Da hantsin Asabar ya iso, jakar raket a kafaɗar hagu.

"Na faɗi," ya ce daga bakin ƙofa, amma fuskarsa cike take da fara'a.

"Na ji. Zauna."

Ta naɗe ƙanƙara a tawul ta ɗora masa a kafaɗa. Ya shiga ba ta labarin wasan tun daga farko, yana kwatantawa da hannu, yana cewa in Allah ya kai su Janairu zai rama. Bai kai rabi ba maganar ta fara tsinkewa. Kansa ya karkato ya sauka a kan gwiwarta.

Can aka ƙwanƙwasa. 'Yan uwa ne sun zo ganin ango. Mastura ta zare ƙafarta a hankali, ta sa masa matashi, ta buɗe ƙofar kaɗan.

"Ku yi haƙuri, ku dawo an jima," ta ce ƙasa-ƙasa. "Mijina na barci."