Kwalbar Fareedah

Da safiyar Litinin Dakta Wasilat ta buɗe tulun ƙarfen da take daskarar da ƙwayoyin jini a ɗakin gwaje-gwajenta na Sabon Gari, ta tarar 'yar kwalba guda ta yi ɓatan dabo. Guda ɗaya tak, ga sauran nan jere ba a taɓa su ba.

Sufeto Gana ya iso yana ƙunƙuni. Wai a taso babban mutum daga ofis a kan kwalbar da ba ta kai ɗan yatsa ba!

"Me ke ciki, Dakta?"

"Fararen ƙwayoyin jinin wata Hajiya Fareedah. Sikila gare ta, ta rasu bara. A jikin mai sikila, waɗannan ƙwayoyi na garkuwar jiki su ke manne wa jajayen su toshe jijiya, ciwo ya tashi. Nata ba sa mannewa kamar na kowa. Dalilin nake nema, ko Allah ya sa a dace da magani. Kuma kwalbar nan ce ta ƙarshe daga jininta, Yallaɓai."

"Suna da rai ke nan?"

"Muddin suna cikin wannan sanyin. In suka narke aka bar su haka, shi ke nan."

Gana ya daina ƙunƙuni. Ya leƙa tulun, farin tururi ya buge shi da wani sanyi mai shiga ƙashi. Safar hannu mai kauri da awartaki suna rataye a bango. A jikin sandar ƙarfen da ake jawo kwalaben kuwa, ga 'yar fatar mutum a manne.

Ya fara da Nwabueze, mai kawo ruwan naitirojin da ake zuba wa tulun.

"Miƙo hannuwanka."

Lafiya lau.

"Oga, ni in taɓa ƙarfen nan hannu tsirara? Sanyinsa ƙuna yake kamar wuta. Ban haukace ba."

Sai Ikrima, ma'aikacin ɗakin. Shi ma yatsunsa garau.

"Wa ka bari shi kaɗai a nan?"

"Ba kowa... sai Alhaji Quadri, mijin marigayiyar, ranar Asabar. Na fita alwala ne kawai. Ai yakan zo ya zauna kusa da tulun, ba ya cewa komai."

Dakta ta dafe kai. Ita ce da kanta ta taɓa nuna masa kwalbar, ta ce masa wani abu na matarsa yana nan da rai. Lallashinsa ta yi niyya, baiwar Allah.

Gana ya hau adaidaita sahu zuwa Fagge. A hanya ya gama haɗa zancen. Ɓarawon ilimi da ya san darajar abin zai zo da mazubin sanyi, ya kwashi da yawa, ya sa safa. Wannan kuwa guda ɗaya ya sani, kuma ya cusa hannu haka nan.

An rufe shagon atamfar Alhaji Quadri, sai a gida ya same shi. Gida shiru, ba yaro ba babba, kujera ɗaya a tsakar gida, kwanon abinci ɗaya. Gana ya ji ba daɗi, don nasa ɗakin ma haka yake. Dattijon ya miƙo hannun hagu don gaisuwa. Na daman a naɗe yake da ƙyalle.

"Alhaji, me ya samu yatsun?"

Bai yi musu ba, bai ma nemi ƙarya ba. Ya zura hannu a aljihun ƙirji ya fito da ƙaramar safar ulu a dunƙule.

"Yallaɓai, tun da na aure ta ruwan randa bai taɓa jikinta ba. Ni nake dafa mata ruwan alwala. Ko fanka ba ma kunnawa, sanyi kaɗan sai ta yini tana kukan ƙashi. Sai a ce mini tana da rai, kuma a cikin wancan tulun? Wallahi tun ranar ban ƙara cin abinci ya zauna mini ba."

Ya shafa safar a hankali.

"Ba sayarwa zan yi ba. Ɗumi kawai nake ba ta. In Dakta na bukatarta don aikin, ai sai in riƙa kai ta ina dawowa da ita."

Kai, aikin ɗan sanda bai yi ba wani lokacin! Gana ya tsare 'yan fashi ido cikin ido bai ji ɗar ba, amma yau sai ya kau da ido daga dattijon. Ya karɓi safar ya warware. Abin da ke cikin kwalbar ya narke, ruwa ne tsululu, har da ɗumin jikin mutum.

"Alhaji, tun yaushe take aljihunka?"

"Tun Asabar. Ban bari iska ta taɓa ta ba."

"Dakta ta ce sanyin nan shi ke riƙe da ransu."

Dattijon ya dubi kwalbar da ke tafin hannun Sufeto.

"To yanzu fa?"

Gana ya girgiza kai.

"Innalillahi," in ji Alhaji Quadri, murya ƙasa-ƙasa. "Wancan karon Allah ne ya ɗauke ta. Wannan kuma ni ne."