Ɗanladin Gwaji

A damunar da ruwa ya ƙi sauka, sojoji na kan mulki, iyaka a rufe, maigida ya maƙale a Kano. Gidan nan na Matamaye ya rage mata uku: Inna Fadima da 'ya'yanta, Hajara da Sa'a. Hajara ce mai taurin kan. Ita ke rubuta manhajar intanet da ke tsara wa motar ruwa zagayenta, yau Dungu, gobe Kurni, jibi Tsauni. Wuta ba ta zuwa sai gab da magariba, saboda haka lokacin da iyaye ke kora yara ɗaki, ita lokacin take buɗe kwamfuta a tsakar gida.

Ba ta yarda da abin da ba ta gwada ba. Kowane ɗan yanki na manhajar da nasa gwajin, shi kaɗai, kafin a haɗa shi da sauran. Don gwajin ne ta ƙirƙiro mutumin ƙarya, ta sa masa Ɗanladi, ta rubuta cewa mazauninsa busasshiyar rijiyar bayan gidansu ce. Gwaji ya fara, a ƙirƙiri Ɗanladi, a yanka masa jarka biyu. Gwaji ya ƙare, a goge shi.

Wata magariba dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Na biyu ya fasa randa. Babu kowa a lungu, ko ganye ba ya motsi. Sa'a ta miƙe a hankali, ta kifa kai cikin bokitin ruwa ta shanye shi tas. Da ta ɗago, idon ba nata ba ne.

Inna ta ruga ta kira Malam Idrisa. Ya zauna, ya daɗe yana karatu, har wata tsohuwar murya ta namiji ta fito daga bakin yarinyar.

"Ni ne Ɗanladi. A rijiyar nan nake tun kafin a gina gidan nan. Kullum a kira ni, a yi mini alkawarin ruwa, sannan a shafe ni. Ni ma ƙishi nake ji."

"Me kake so ka rabu da ita?" in ji Malam.

"A sa ni cikin masu rabo na gaske."

"Ba zan sa ba," in ji Hajara. "Jarkar da zan ba ka, a bakin wata mata ta Kurni zan cire ta."

"To ki daina gwajin."

"Shi ma ba zan daina ba. Kuskure ɗaya, ƙauye guda ya wuni a rana yana jiran motar da ba za ta zo ba."

Inna ta fashe da kuka. "Ke Hajara, ƙanwarki ce fa! Ordinater ɗin nan, kwamfutar taki, ta fi ta ne?"

Malam ya dubi Hajara. "Dole sai da suna ake gwajin nan?"

"Dole, Malam."

"To sunan wa?" muryar ta tambaya.

Hajara ta jawo kwamfutar, ta goge Ɗanladi da rijiyarsa, ta rubuta nata sunan a gurbinsa. Muryar ta yi dariya mara daɗi. "Za ki ɗanɗana abin da na ɗanɗana." Sa'a ta yi atishawa, ta zube a jikin Inna tana kiranta da muryarta ta gaskiya.

Tun daga ranar, da Hajara ta kunna gwaji sai maƙogwaronta ya bushe ƙamas, ko ta sha tulu guda. Inna ta roƙa, ta yi faɗa, ta gaji. Hajara dai takan lashi leɓenta da ya tsage, ta jira gwajin ƙarshe ya wuce lafiya, sannan ta aika wa direba sunan ƙauyen gobe.