Ƙofar Da Ta Ƙi Karɓar Lalle

Liman bai sauko daga huɗuba ba 'yan fashi suka faɗo ma'ajiyar takin da ke hanyar Roni. Su uku, fuska a rufe, babbar mota tana jira a waje. Kawu, ogansu, da gangan ya zaɓi lokacin: maza duk suna masallacin Juma'a, har maigadi. Barira kaɗai ce a ofis, tana shayar da 'yarta Mu'minat.

"Tashi, malama. Hannunki muka zo aro."

Ƙofar ɗakin takin ba ta da makulli. Na'ura ce a bango, ka ɗora tafin hannu, ta gane ka, ta buɗe. Mutum biyu kawai ta sani, Barira da abokin aikinta Sabiru.

Kawu ya fizge jaririyar ya miƙa wa dogon da ke bayansa. Barira ta ɗora hannu. Fitila ta kawo ja! Ta goge a zane, ta sake. Ja!

Sai ta dubi tafinta. Jiya aka yi kamun ƙanwarta a Gwiwa, lalle ya kama har ya yi baƙi, ya rufe zanen hannun. Ta rantse musu ba da gangan ba ne. Ta ce su ɗauki wayarta, su ɗauki komai, su ba ta yarinyar.

"Kar ki raina mana wayo." Kawu ya kai bindiga kusa da kan Mu'minat.

Wata mai tallan fura ta riga ta hango mota ba lamba, ta kai labari. Sajan Haladu ya taso daga Kazaure da mutum huɗu, bayan sun tura motarsu kafin ta tashi.

Barira ta murza tafin a siminti har ya fitar da jini. Ja!

Kawu ya juya ga dogon. "Kai, cire safar hannun nan. Ai na'urar ta san naka."

Dogon ya ce ba haka aka shirya ba, hannun Barira aka ce, don laifin ya hau kanta. Bindiga ta juyo kansa. Ya saɓa jaririyar a kafaɗa, ya cire safar, ya ɗora hannun dama. Kore — ƙofa ta buɗe, suna ya fito a gilashi: SABIRU.

"Sabiru," in ji Barira a hankali. "Kai da ka ci naman sunanta?"

Jiniya ta taso daga titi. Kawu ya ce wanda na'ura ta rubuta sunansa, gobe shi zai rubuta wa 'yan sanda sauran. Tau! Ya harbe shi. Sabiru ya sulale, Barira ta cafe 'yarta kafin ta kai ƙasa.

An kama Kawu da direbansa kusa da Babura kafin la'asar. Ko buhu ɗaya ba su ɗauka ba.

Bayan mako uku lallen ya goge, na'ura ta sake gane Barira. Mu'minat kuwa, harbin a gefen kunnenta ya tashi. Kullum da safe uwar takan zagaya bayanta ta tafa hannu ta hagu, ta jira. Yarinyar ba ta waiwayowa.