Rufus a Kan Sikelin Citta

Ranar Asabar da yamma, bayan an ɗauke ruwa, na ja ƙanena Rufus zuwa sito ɗin citta na Alhaji Yakubu da ke bayan tashar jirgin ƙasa a Kafanchan. Auna shi kawai nake so in yi. Sikelin gidanmu ya lalace, ni kuma malamar kimiyyar abinci ce, mai taurin kai, ba na yarda da abu sai na ga lambarsa.

Wata uku ke nan da dawowar Rufus daga Turai. Can ya ba da jikinsa ga wani bincike a kan 'yan sama jannati. Aka kwantar da shi kwana sittin, kai ƙasa, ƙafa sama, don a ga abin da ke samun mutum idan ƙasa ta daina jan sa. Na san karatun sarai. A sararin samaniya yunwa mutuwa take yi, abinci ya zama salam, fuska ta kumbura, ƙafa ta tsotse, ƙashi ya riƙa raguwa. Amma idan an sauko, jiki yakan dawo.

Na Rufus bai dawo ba. Ina ɗura masa tuwon acca da ƙwai da gyaɗa, yana haɗiyewa kamar magani. Idan ya zauna, kujera ba ta lotsawa.

Alhaji Yakubu abokin marigayi babanmu ne. Da ya ji abin da ya kawo mu, sai ya rage murya.

"Martha, 'yata, ba a ɗora mutum a kan wannan sikelin. Duk abin da ya hau shi kaya ne. Kaya kuwa da mai ɗauka."

Na ce to, Baba. Na jira ya tafi sallar magariba.

Sito ɗin dogo ne, rufinsa can sama. Yajin busasshiyar citta na shiga hanci. Sauran ruwa na ɗiga a kan kwanon rufin.

Rufus ya hau. Allurar ta tsaya a kilo talatin da takwas. Namiji ne fa wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofa.

Ina kallo ta sauka. Talatin. Ashirin da biyu.

Ɗigar ruwan ta tsaya. Yajin citta ya ɓace, wani wari ya sauko daga rufi, irin na ƙarfen da aka ƙona.

"Sista," in ji Rufus da raɗa, "ba na jin ƙafana fa."

Tara.

Sai na ji an bubbugi kafaɗarsa sau biyu, yadda masu sayen citta ke bugun buhu idan sun karɓa. Babu kowa a bayansa.

Allurar ta kwanta a sifili.

Tafin ƙafarsa ya rabu da ƙarfen. A hankali, babu ƙara.

Na cafke idon sawunsa. Sanyi ƙalau, ba nauyi. Na ja. Abin da ke sama ya ja.

Duga-dugaina suka ɗaga. Takalmina ya faɗi.

"Yesu. Sista, kar ki sake ni."

Ba zan yi ƙarya ba. Hannuna bai zame ba. Ni na buɗe shi.

Na faɗo a kan buhuna, na rarrafa waje. Kallo na ƙarshe, bayansa manne da kwanon rufi, hannuwansa na lilo a gabansa, fuskarsa a kumbure, yana duba na.

Washegari Alhaji ya kwashe cittarsa kansa a sunkuye, ya garƙame ƙofar da kwaɗo biyu. Kafin nan an kawo tsani sau ɗaya don a sauko da Rufus. Wanda ya fara hawa ya ji ƙafarsa na barin matakala, ya diro da gudu. Mama kuwa, na gaya mata Rufus ya koma Turai. Ban yi kuka ba. Na nemi kukan a cikina, ban samu komai ba.

Akwai wata taga a sama, kusa da rufin. Kullum da yamma nakan ƙunshe doya da ƙwai a leda, in jefa ta ciki. In kasa kunne. Ba ta faɗowa. Ta haka nake sanin yana ci. Mako biyar ina yi.

Jiya na jefa.

Na ji ta faɗi a kan siminti, tim.